Babi na Bakwai: Idan Kamfani Ya Rufe, Ina Tarago Zai Samu Ƙafa?

A Amurka da Jamus da Ingila da Japan akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a cikin ɗaki, su gina masa tasha da gada da kamfanoni, su sa ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki su riƙa zirga-zirga a kai. Baƙon da ya shigo, kan jirgi ne ke fara ɗaukar masa hankali, domin shi ke da fitila da ƙara. Amma mai abin ya san cewa yawancin dukiyarsa taragun kaya ne: na hatsi, na gawayin kwal, na man fetur, na katako. Wanda ke da kan jirgi biyar yana iya mallakar tarago ɗari. Su ake yawan ɗauka a ajiye, su ke faɗowa daga tebur, su ne kuma ke yawan neman gyara. Yau ƙugiyar da ke sarƙe tarago da ɗan'uwansa ta karye, gobe ɗan matakin da ke kusurwa ya ɓalle, jibi ƙofa ta ɓace ko ƙafa ta karkace. Taragon kuwa sau da yawa ya haura shekara arba'in, kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne: tsawon ran irin wannan tarago ba a hannun kamfanin da ya yi shi yake ba, a hannun ƙa'idojin awo yake, waɗanda kowa ya amince da su. Wanda ya iya awo zai samu kayan gyara. Wanda ya tsaya neman sunan kamfani, shi ne zai sha wahala.

Bari mu fara da dalilin da ya sa kamfani ba abin dogaro ba ne a wannan sha'ani, ko da yana da kyakkyawar niyya. Jikin tarago da ƙananan sassansa ana zuba su ne da narkakkiyar roba a cikin mazubin ƙarfe. Sassaƙa mazubin nan shi ke cin kuɗi. Idan an gama, kowane zubi ba ya kai komai. Saboda haka riba tana cikin yin dubbai a lokaci guda, ba a cikin ajiye ƙofa guda ana jiran wanda zai nema bayan shekara ashirin ba. A da, tsarin kasuwar ya rage wa mai saye wannan damuwa. Kamfanin Athearn na jihar Kalifoniya ya shafe shekaru da dama yana sayar da taragu a warwatse cikin shuɗin kwali, mai saye ya haɗa da kansa da ɗan sukurudireba. Wanda ya haɗa abu da hannunsa ya san yadda ake kwance shi, kuma sassan sun yi yawa a gari har ba a rasa su. A 2004 kamfanin Horizon Hobby ya sayi Athearn, a 2009 kuma aka sanar da daina yin taragun shuɗin kwali. A 2005 kamfanin Walthers ya sayi ɓangaren jiragen Life-Like. Kasuwa ta koma ga taragun da ke zuwa a haɗe, an manne musu sassa sirara kamar gashi, ana yin su a masana'antun ƙasar Sin gwargwadon yawan waɗanda suka yi oda. Idan zubin ya ƙare, ya ƙare. Kai, ko kamfanin da sunansa ke jikin kwali ba lallai ne mazubin yana hannunsa ba. Bayan da kamfanin Kader, mai kamfanin jiragen Bachmann, ya sayi masana'antar Sanda Kan a 2008, masana'antar ta sallami da yawa daga cikin kamfanonin da take yi wa aiki a 2010, suka shiga neman inda za su kai mazubansu. A irin wannan hali, mai neman ƙofar tarago guda ba shi ne a gaban kowa ba.

To me ya hana tsofaffin taragu zama shara? Amsar tana komawa ga 1935, lokacin da wasu masu wannan sha'awa suka taru a birnin Milwaukee suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da NMRA. Kafin nan kowane kamfani da nasa awon, har ya zama taragon wannan ba ya tafiya lafiya a kan layin wancan. Ƙungiyar ba ta ce kowa ya yi tarago iri ɗaya ba. Ta tsaya ne a wuraren da abu ke haɗuwa da abu: faɗin layi, tazarar da ke tsakanin ƙafafu biyu, zurfin leɓen ƙafa da ke riƙe ta a kan dogo, da tsayin ƙugiya daga saman layi. A sikelin HO, wanda ya fi kowanne yaɗuwa, ana rage komai sau 87, faɗin layi kuma milimita 16.5 ne. A sikelin N ana ragewa sau 160, layin milimita 9. Turawan nahiyar Turai ma sun kafa tasu ƙungiyar, MOROP, a 1954, suka fitar da ƙa'idojin da ake kira NEM. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, daga manyan jiragen aka koyo ta. A Amurka taragon kamfani ɗaya yana bin layin wasu kamfanoni, kuma idan ya lalace a can, a can ake gyara shi, don haka dole ƙugiya da birki su zama iri ɗaya. Eli Janney ya yi rajistar ƙugiyarsa mai kama kanta a 1873, dokar 1893 kuma ta tilasta wa kamfanonin jirgi yin amfani da ƙugiya mai kama kanta. Mai karatu a Najeriya ya san illar saɓanin awo: layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435, kuma taragon wannan ba ya hawa wancan komai lafiyarsa.

Tarihin ƙugiya shi ya fi nuna yadda ƙa'ida ke ceton tsohon kaya. Tun daga shekarun 1950 har tsawon shekaru da dama, yawancin taragun HO masu araha a Amurka sun riƙa zuwa ne da wata ƙugiyar roba mai ƙaho da ake kira X2F. Kamfanoni sun so ta saboda arha, masu jirgi kuwa ba su so ta ba, domin ba ta kama da ta gaske, rabuwa da ita wuya, tana kuma ture tarago gefe idan ana tafiya da baya. A gefe guda wasu tagwaye, Keith da Dale Edwards, sun kafa kamfanin Kadee a shekarun 1940, suka ƙera ƙugiyar ƙarfe mai kama da ta babban jirgi, daga baya suka sa mata ɗan lanƙwasasshen waya a ƙasa, wanda maganaɗisun da aka binne a layi ke ja gefe, taragu su rabu ba tare da an taɓa su ba. Ƙugiyarsu mai lamba 5 ta zama abin da kowa ke sauyawa da shi. Da wa'adin haƙƙin ƙirƙirarsu ya ƙare a shekarun 1990, wasu kamfanoni suka fito da nasu masu kama da ita, irin su McHenry da Accumate, kuma duk suna sarƙuwa da juna. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya koma wajen kamfanin da ya yi taragon 1965 yana roƙon ƙugiya. Abin da ake buƙata kawai shi ne tsakiyar ƙugiyar ta tsaya a tsayin da ƙa'ida ta faɗa, kusan milimita 10 daga saman dogo a HO. Akwai ɗan ma'aunin da ake ɗorawa a layi a gwada. Idan ta yi ƙasa, a sa siririyar washa tsakanin jikin tarago da mazaunin ƙafafu. Idan bambancin ya yi yawa, a sayi ƙugiyar da aka ɗaga ko aka sauke kanta. A Turai ƙa'idar NEM 362 ta ƙayyade girman aljihun da ƙugiya ke shiga, har ya zama ana zare ta wannan kamfani a cusa ta wancan da yatsu kawai.

Haka abin yake ga ƙafafu. Taragon kaya na Amurka yana zaune ne a kan mazaunai biyu, kowanne da ƙafa huɗu, kuma galibi ɗan noti guda ne ke riƙe kowane mazauni. Wanda ya kwance notin ya buɗe wa kansa kasuwa, domin kamfanoni irin su Kadee da InterMountain da Walthers suna sayar da mazaunai da ƙafafu daban. Ana son ƙafar ƙarfe fiye da ta roba saboda tana gudu sumul, ba ta tara datti sosai, tana kuma ƙara nauyi a ƙasa inda ake buƙatarsa. Sai dai dole a san girman da ya dace. Manyan taragu masu ɗaukar tan 70 ko ƙasa da haka ƙafarsu inci 33 ce, masu tan 100 kuwa inci 36. A HO wannan ya zama kusan milimita 9.6 da milimita 10.5. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma ya isa ya ɗaga tarago, ƙugiya ta kauce daga tsayinta, jirgi ya riƙa tsinkewa a kan tudu. Sannan akwai batun zamani. A manyan jiragen, mazaunin da aka yi da lanƙwasassun sandunan ƙarfe an hana shi yawo tsakanin kamfanonin jirgi wajen 1940, kuma tun daga 1966 aka daina sa wa sababbin taragu katakon tafiya a kan rufi. Wanda ke kwaikwayon shekarun 1950 ya san irin ƙafar da za ta dace da taragonsa daga hoton babban taragon, ba daga kwalin da ya zo a ciki ba. Hatta nauyi akwai shawarar NMRA a kansa: a HO, oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawon tarago. Taragon da babbansa ke da tsawon ƙafa 40, a HO tsawonsa ya kai inci biyar da rabi, don haka nauyinsa ya kamata ya kusa oza uku da kashi uku cikin huɗu, wato gram ɗari da 'yan kai. Idan farantin ƙarfen da ke cikinsa ya ɓace, ba sai an nemo na asali ba. Duk abin da zai cika nauyin ya ɓuya a ciki ya wadatar.

Suka ta farko ita ce, mai ja da wannan magana zai ce ƙa'ida ba ta rufe ko'ina ba, kuma ya yi gaskiya. Tsawon sandar da ke riƙe ƙafa biyu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan ta gaza, sai ta yi ta kaɗawa ko ta faɗo. Idan ta zarce, sai ta cije ta ƙi juyawa. Ƙofa da tsani da murfin rufi da sitiyarin birki kuwa babu ƙungiyar da ta ƙayyade yadda za su manne a jiki. Ketare iyaka ma yana da nasa tarkon. Sikelin OO na Ingila yana amfani da layin milimita 16.5 kamar HO, amma ragewarsa sau 76 ce, don haka sassansa sun fi girma. Ƙafafun Märklin na Jamus ba a raba wutar gefe da gefe a cikinsu ba, domin tsarin kamfanin yana ɗaukar wuta ne daga tsakiyar layi. Wanda ya ɗora su a kan layin da kowane dogo ke ɗauke da tasa wutar zai haɗa wuta nan take. Amma duk waɗannan misalai ba su rushe hujjar ba, ƙarfafa ta suka yi. Inda aka yi ƙa'ida, gyara na minti biyar ne. Inda ba a yi ba, nan ne ake wahala. Kuma ko a nan, awo ne mafita. Wanda ya auna tsohuwar sanda da ma'aunin injiniyoyi mai baki biyu zai nemi mai irin tsawonta, ko ya share ramin da take zama da ɗan abin da aka yi don haka. Sassan ado kuwa, tunda kowane tarago kwaikwayon babban tarago ne a sikeli sananne, sitiyarin birkin da wani ya rage sau 87 zai dace da kowane tarago na HO mai irin wannan birki. A kan haka ƙananan kamfanoni irin su Tichy da Details West suka gina sana'arsu, suna sayar da matakai da tsani da marikai a cikin 'yan ledoji. Mazubi mai kyau ma yakan fi kamfaninsa daɗewa: da Grandt Line ya rufe a 2018, wani kamfani ya karɓi mazubansa.

Bayan waɗannan akwai hanyoyi biyu da ba sa ƙarewa. Ta farko ita ce taragon da ya riga ya mutu. A kasuwannin baje koli da ƙungiyoyi ke shiryawa, da shagunan intanet irin su eBay, ana sayar da fasassun taragu a kwali da arha, kuma wanda jikinsa ya tsage ƙofofinsa da ƙasansa suna nan lafiya. Duk wanda ya taɓa ganin makanike yana zaga Kofar Ruwa a Kano da tsohon ƙarfe a hannu yana gwadawa da na shago ya fahimci wannan hanya. Taragun shuɗin kwali an yi su da yawan gaske, shi ya sa har yau sassansu ba su yi wuya ba. Ta biyu ita ce mutum ya ƙera da kansa. Marikin da ma'aikaci ke kamawa ya hau tarago ba komai ba ne illa waya da aka lanƙwasa sau biyu. Da siririyar wayar tagulla, da ɗan abin huda, da ɗigon gam, an gama, kuma ya fi na roba ƙarfi. Ƙofa mai sauƙi ana yanka ta daga fallen roba irin wanda Evergreen ke sayarwa.

Suka ta biyu daga masu tara kayan tarihi take fitowa. Suna cewa taragon da aka sa wa ƙafar wani kamfani ya rasa asalinsa, darajarsa ta faɗi. Ga wasu kayayyaki maganar daidai ce. Tsohon jirgin kamfanin Lionel ko Märklin na kafin yaƙin duniya na biyu, wanda ke da fentinsa da kwalinsa, shaida ce ta tarihin masana'antu, kuma bai kamata a huda shi ba. Amma irin waɗannan kaɗan ne. Mafi yawan taragun da ke hannun mutane na roba ne da aka zuba dubbai, kuma amfaninsu yana cikin tafiyarsu. Ko a cikin tsofaffin ma, wani lokaci na asalin ne ke cin amanar mai shi. Wasu sassan da aka zuba da gaurayen tutiya wanda dalma ta gurɓata sukan kumbura su tsattsage bayan shekaru, har su ruguje a hannu, kuma babu maganin da ke tsayar da wannan ciwo. Nemo wani na asali daga zubi ɗaya na iya zama sayen ciwon a karo na biyu. Hanyar adalci ita ce a yi gyaran da za a iya warwarewa: a yi amfani da noti maimakon gam inda zai yiwu, a zuba tsohon sashen a leda a ajiye tare da taragon, a kuma faɗa wa mai saye gaskiya ranar da za a sayar.

Suka ta uku ta kuɗi ce. Idan an tara kuɗin ƙafafun ƙarfe da ƙugiya biyu da na aikawa, suna iya fin abin da aka sayi tsohon taragon, to me zai hana a jefar a sayi sabo? Wannan lissafi ya manta abubuwa uku. Na ɗaya, ba a sayen waɗannan kaya ɗaya-ɗaya. Ana sayen su da yawa a kwali, farashin kowanne ya sauko. Na biyu, ƙafa da ƙugiya ba sa mutuwa tare da tarago, ana cire su a mayar wa wani, kuma wannan ma albarkacin ƙa'ida ne. Na uku, sabon taragon da ake magana ya ninka tsohon a tsada, sassansa sun fi saurin karyewa, samun madadinsu kuma ya fi wuya. Tsohon tarago mai kaurin jiki da aka daidaita wa ƙafa da ƙugiya da nauyi yakan yi tafiyar da ba ta gaza ta sabo ba. Har masu arha da aka ɗaure ƙugiyarsu a jikin mazaunin ƙafafu, waɗanda ke yawan sauka daga layi idan ana tura su da baya, suna gyaruwa idan an yanke ƙugiyar an mayar da ita jikin tarago. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga mai koyo kuwa, babu makarantar da ta kai taragon arha, domin a kansa ne hannu ke faɗawa ba tare da fargabar asara ba.

Suka ta ƙarshe sabuwa ce: tunda an samu na'urar 3D mai fitar da abu da siffarsa daga zanen kwamfuta, ai zancen neman kayan gyara ya ƙare. Babu shakka na'urar ta cike giɓi babba, musamman ga ƙofofi da murafe da sauran sassan da babu mai sayar da su. Amma robar da irin waɗannan na'urori ke fitar da ƙananan sassa da ita tana da saurin karyewa, ba ta kai ƙarfe ko roba mai santsi jure gogayya a ƙugiya da bakin sanda ba. Na'urar kuma ba ta san awo ba sai wanda aka ba ta. Zanen da bai bi ƙa'ida ba zai fito da sashen da bai shiga ba. Sannan dogaro da kamfani guda yana nan da haɗarinsa. Shapeways, inda masu zane da yawa suka buɗe shagunan sayar da irin waɗannan sassa, ya durƙushe a 2024, masu saye suka wayi gari babu shagunan. Zanen da aka raba wa jama'a, aka rubuta awonsa a fili, shi ne ke tsira daga irin wannan.

Saboda haka akwai haƙƙi a kan kowane ɓangare. Kamfanoni su riƙa saka takardar da ke nuna sassan tarago da lambobinsu a cikin kwali, su bayyana tsawon sanda da girman ƙafa, su zuba rarar sassan da aka san suna karyewa, su kuma ɗaure da noti inda ba dole ne a manne ba. Ƙungiyoyi su ci gaba da faɗaɗa ƙa'ida zuwa wuraren da har yanzu kowa ke yin yadda ya ga dama. Kai kuma mai karatu, idan ka shiga wannan sha'awa, kafin ka sayi tarago na goma ka sayi ma'aunin layi da ƙafa, da ma'aunin tsayin ƙugiya, da ɗan sikelin awon nauyi. Kada ka zubar da fasasshen tarago sai ka cire duk abin da ke da amfani a jikinsa. Idan wani sashe ya karye, ka fara da tambayar girmansa da aikinsa da zamanin babban taragon da ake kwaikwayo, sunan kamfani ya zo daga baya. Kamfanoni suna buɗewa suna rufewa, amma layin HO milimita 16.5 ne a kan teburin kowa, kuma duk taragon da aka daidaita da wannan awo zai ci gaba da tafiya.